Yarinya a Kwale-kwalen Takarda: Nazarin Wani Hoto da Ya Ƙi Haɗuwa

## Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa ba hoto ne sana'arta ba. Tana da aikinta na ofis, gyaran hoto kuwa sha'awa ce da take zama a kanta da daddare, awa ɗaya ko biyu, bayan yara sun yi barci. Kayan aikinta waya ce mai kyamarar megafiksel 12, wadda ke fitar da hoto mai fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto) 4000 a kwance da 3000 a tsaye, sai tsohuwar kwamfutar cinya da manhajar gyaran hoto ta GIMP, wadda kyauta ake sauke ta. Kafin wannan aiki ta yi kusan shekara tana ƙananan gyare-gyare: haskaka hoton da ya yi duhu, cire wayar lantarki da ta ratsa sararin sama, miƙar da hoton da ya karkace. Ba ta taɓa haɗa hotuna daban-daban su zama ɗaya ba.

Abin da ta sa a gaba shi ne hoton 'yarta mai shekara bakwai zaune cikin kwale-kwalen takarda, irin wanda yara ke naɗewa da fallen littafi, amma ya girma ya kai na gaske, yana shawagi a kan tafki da yamma. Tana so a wanke shi a girman santimita 40 da 30 ta rataye a ɗaki. Ƙaramar ƙungiyarmu ɗaya ta masu sha'awar hoto, kuma duk kwafin da ta fitar sai ta nuna mana, shi ya sa na san yadda aikin ya gudana daga farko har ƙarshe. Mako 13 ya ci.

Haɗa hotuna ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun a shekarun 1850 Gustave Le Gray na Faransa yake ɗaukar teku daban, sama daban, ya haɗa su a takarda ɗaya, domin kayan ɗaukar hoto na zamanin ba sa iya kama hasken biyun a lokaci guda. A 1857 Oscar Rejlander ya fitar da hoto ɗaya a Ingila wanda ya harhaɗa daga gilasan hoto sama da 30. Abin da kwamfuta ta kawo shi ne sauƙi. Photoshop ta fito a 1990, a 1994 ta zo da tsarin leya, wato a jera hotuna falle kan falle kowanne yana zaman kansa, GIMP kuma ta fito ga jama'a a 1996. Yau aikin da Rejlander ya yi makonni yana yi, mai waya da kwamfuta zai iya fara shi a kan tabarma.

Da hotuna uku ta fara, duka suna cikin wayarta tun kafin tunanin ya zo mata, ban da na kwale-kwalen. Na tafkin ta ɗauke shi daga kan wata gada, kimanin mita 6 sama da ruwa, rana ta yi ƙasa ta hannun hagu. Kwale-kwalen ta naɗe shi da farar takarda, tsawonsa santimita 20, ta ajiye a kan teburi ƙarƙashin ƙwan lantarki ta ɗauke shi a tsaye tana kallonsa daga sama. Na yarinyar kuwa ƙanwar matar ce ta ɗauka a cikin ɗaki kusa da taga ta turo mata ta WhatsApp. Yarinyar na zaune tana dariya, giɓin haƙorinta na sama da ya faɗi ya fito sarai. Saboda wannan dariyar ta zaɓi hoton.

## Mako na 1 da na 2: magogi

Da magogin manhajar ta fara. Ta buɗe hoton yarinyar tana goge bangon da ke bayanta kaɗan-kaɗan, idan barci ya zo ta adana a tsarin ajiyar hoto na JPEG, kashegari ta buɗe ta ci gaba. Sau tara ta yi haka.

Abu uku suka lalace. Na farko, JPEG ba ya riƙe wurin da aka goge a matsayin fanko, yana cike shi da fari. Da ta zo ɗora yarinyar a kan tafki ta cire farin, sai wani siririn farin zobe ya rage ya kewaye ta daga kai har ƙafa. Na biyu, JPEG, wanda aka tsara ƙa'idarsa a 1992, yana rage nauyin hoto ta hanyar raba shi murabba'i-murabba'i masu fiksel 8 da 8, ya zubar da ƙananan bayanan da ido bai cika lura da su ba. Duk gyara da sabuwar adanawa sai ya sake zubar da wasu. Zuwa karo na tara gefen gashin yarinyar ya cika da wata ƙura-ƙura, kumatunta kuma idan aka matso da hoton ana ganin murabba'an. Na uku, a dare na biyar hannunta ya goce ta share rabin kunnen yarinyar, ba ta lura ba sai bayan ta adana ta rufe. Abin da magogi ya ci ba ya dawowa.

Kwafin farko da ta nuna mana a ƙarshen mako na biyu ya yi kama da hoton da aka yanko da almakashi daga jarida.

## Mako na 3 zuwa na 5: yanka ya yi kyau, hoto bai haɗu ba

Ta koma kan hotunan asali ta sake farawa, wannan karon da labulen leya. Labulen wani falle ne da ke manne da leya: inda aka shafa masa baƙi hoton ya ɓuya, inda aka shafa fari ya bayyana, toka-toka kuma ya nuna rabi. Ba a share komai, ɓoyewa kawai ake yi, don haka kunnen da ya ɓata shafa ɗaya ke dawo da shi. Ta kuma daina adana aikin a JPEG, ta koma XCF, tsarin GIMP da ke riƙe leya da labule yadda aka bar su.

Gashi ne ya fi cin lokaci. Yarinyar na da ƙananan silin gashi da suka tashi a goshi da keya, buroshi ba ya iya bin su ɗaya-ɗaya. Ta koyi duba launuka ukun da hoto ya ƙunsa, ja da kore da shuɗi, kowanne shi kaɗai, ta zaɓi wanda gashin ya fi bambanta da bango a cikinsa, ta ƙara masa ƙarfi har gashin ya zama baƙi ƙirin bangon ya zama fari fat, ta juya shi ta mayar da shi labule. Dare huɗu ta yi a kan wannan. Sakamakon ya yi kyau ƙwarai, har silin da ya fi kowanne siranta ya fito.

Da ta nuna wa yarinyar, ta duba na ɗan lokaci ta ce, "Umma, ai ban shiga ciki ba. Manna ni kika yi."

Mu ma da muka gani haka muka ji, amma babu wanda ya iya faɗin dalili. Ni ne na ce mata launi ne, ta daidaita launukan. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Ana auna launin haske da kelbin: ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa yana wajen 2700, hasken rana tsaka yana wajen 5500, hasken inuwa da ke shigowa ta taga yakan haura 7000 ya yi shuɗi-shuɗi. Kwale-kwalen ya yi ɗorawa, fatar yarinyar ta yi sanyi, tafkin ya yi ja-ja na yamma. Ta yi mako guda tana ja da sassauta launuka har ukun suka kusanci juna. Hoton ya ɗan fi daɗin kallo, amma har yanzu yarinyar a manne take.

Daga nan ta shiga gwaje-gwaje. Ta lura hasken fuskar yarinyar daga dama yake, na tafkin daga hagu, sai ta juya hoton yarinyar kamar a madubi. Hasken ya koma hagu, giɓin haƙorin kuma ya koma ɗaya gefen, duk wanda ya san yarinyar ya ga fuskar ta canja. Ta mayar. Ta zana baƙar inuwa a ƙarƙashin kwale-kwalen, ya zama kamar yana lilo a sama da ruwan. Ta lulluɓe hoton duka da wani launin ruwan zuma mai kauri, ta duhunta kusurwoyi, ta ƙara hazo. Kowane ƙari yana ɓoye wani aibi ya fito da wani.

Akwai kuma matsalar girma. Hoton da ya biyo ta WhatsApp an matse shi, ya iso da fiksel 1600 a kwance, yarinyar kuma ba ta wuce fiksel 400 a tsaye a cikinsa ba. A hoton da za a wanke tana buƙatar kusan 800. Ta gwada wata manhajar waya mai ƙara girman hoto da ƙirƙirarriyar basira. Manhajar ta ninka hoton, ta gyara fatar ta yi sumul, sannan ta cike giɓin da haƙori sabo fari tas. Irin waɗannan manhajoji ba dawo da abin da ya ɓata suke yi ba, hasashen abin da ya kamata ya kasance a wurin suke yi, kuma a hasashensu bakin mutum cike yake da haƙora. Ta share wannan kwafin a daren, ta ƙara girman da hanyar da aka saba, ta haƙura da laushin da ya biyo baya.

## Mako na 6: wankin gwaji

Ta kai kwafi na bakwai aka wanke mata a cikakken girma. Takardar ta fito da abubuwan da fuskar kwamfuta ta ɓoye.

Hoton ya yi duhu sosai. Fuskar kwamfuta haske take fitarwa, takarda kuwa hasken ɗaki take mayarwa, kuma ita a ƙure take barin hasken kwamfutarta. Masu gyaran hoto don wanki sukan rage shi zuwa wajen kandela (ma'aunin ƙarfin haske) 100 zuwa 120 a murabba'in mita, ƙasa sosai da yadda yawancin kwamfutoci ke zuwa daga kamfani.

Sararin saman ya fito layi-layi kamar matakala maimakon ya narke daga ja zuwa shuɗi. Hoton JPEG mai bit 8 ne, wato kowane launi yana da matakai 256 daga duhu zuwa haske. Sararin sama ɗan yanki kaɗan yake ɗauka daga cikin matakan, idan aka yi ta jan sa ana buɗa shi sai tazara ta shiga tsakaninsu. Da muka duba jadawalin hasken hoton a manhajar, ya yi giɓi-giɓi kamar haƙoran matsefi.

Kaifin hoton kuma bai zo ɗaya ba. Fiksel 4000 a kan santimita 40 yana ba da kusan fiksel 254 a kowane inci, wanda ya isa ga hoton bango, ko da yake 300 aka fi nema. Yarinyar kuwa ainihin bayananta 400 ne aka shimfiɗa a santimita 8, wato kusan 127 a inci. Ruwan da ke bayanta ya fi fuskarta fitowa.

Bayan wannan wankin ta yi kwana biyar ba ta buɗe kwamfutar ba.

## Mako na 7: gano inda ciwon yake

A cikin ƙungiyarmu akwai wani dattijo da ya yi aikin zanen gine-gine kafin ya yi ritaya. Ba ya amfani da GIMP ko Photoshop, fensir ya sani. Ta kai masa takardar ta ce, "Malam, duba mini, na rasa abin da ke damun hoton nan."

Ya ce ta mayar masa da shi baƙi da fari tukuna, don launi ya daina ɗauke musu hankali. Sannan ya shimfiɗa takarda mai shara-shara a kai ya ɗauki fensir da rula.

Da tsayin kyamara ya fara. Ya nuna mata cewa layin da ruwa ya haɗu da sama a kowane hoto yana daidai da tsayin idon mai ɗauka. Duk abin da ke ƙasa da layin ana ganin samansa, duk abin da ke sama da shi ana ganin ƙasansa. A hoton tafkin layin yana can sama, ana kallon ruwan daga gada. A hoton kwale-kwalen an leƙa cikinsa har ana ganin ƙasan cikin, kamar mai tsaye a kansa. A hoton yarinyar kuwa ƙanwar ta durƙusa ne, kyamarar na ƙasa da fuskar, har ana ganin ƙarƙashin haɓarta. Ya ce, "Malama, mutum uku ne suke kallon hoton nan, ɗaya a kan gada, ɗaya a tsaye, ɗaya a durƙushe. Mai kallo kuma mutum ɗaya ne, bai san inda zai tsaya ba."

Sai haske. Ya zana kibiya daga kowace inuwa zuwa abin da ya jefa ta. Ta tafkin ta nuna hagu can ƙasa. Ta kwale-kwalen ta nuna sama tsaye. Ta yarinyar ta nuna dama. Bayan alkibla akwai kuma irin hasken. Rana ƙarama ce a sararin sama, faɗinta kusan rabin digiri ne, shi ya sa inuwarta ke da kaifin baki. Taga babba ce kusa da mutum, haskenta yana naɗe fuska a hankali ba tare da iyaka tsakanin haske da inuwa ba. Ko da juya hoton bai taɓa giɓin ba, da fuskar ta ci gaba da zama fuskar cikin ɗaki a tsakiyar tafki.

Ta tambaye shi yadda za ta gyara a kwamfuta. Ya ce bai san kwamfuta ba, amma a takarda idan ya kuskure tsayin ido sabon zane yake farawa.

## Mako na 8 da na 9: komawa ga kyamara

Ta yanke shawarar sake ɗaukar hotunan uku, har da na yarinyar da take so saboda dariyar. Wannan ne ya fi yi mata wuya.

Ta fara da tafkin, domin shi ne ba a iya matsar da shi. Ta sauka bakin ruwa, ta ɗaure wayar a kan turke mai ƙafa uku, ta auna tsayin lensin daga fuskar ruwa: mita 1.2. Ta ƙayyade cewa kwale-kwalen zai zauna mita 3 daga kyamara, ta jefa ɗan busasshen kara a wurin ta ɗauki hoto ɗaya da shi don alama, ɗaya ba shi. Ta rubuta alkiblar da wayar ke fuskanta daga kamfas ɗin wayar, ta rubuta lokaci. Ta kafa sanda mai tsawon mita 1 a tsaye ta auna inuwarta, ta samu mita 1.7, wanda ke nufin rana na kusan digiri 30 sama da ƙasa. Ta kashe duk gyaran da waya ke yi da kanta, ta kulle haske da launi da hannu, ta ɗauka a tsarin RAW, wanda ke ajiye abin da kyamara ta gani ba tare da matsewa irin ta JPEG ba.

Kashegari gajimare ya rufe rana, jibi ma haka. A rana ta huɗu ta fita fili da yarinyar a daidai lokacin da ta rubuta. Rana na tafiyar digiri 15 a awa, don haka ta ba kanta minti 15 kacal. Kyamara a mita 1.2, yarinya a mita 3, alkibla ɗaya, inuwar sanda mita 1.7. Ta zaunar da ita cikin babban kwali da aka yanke gefensa, aka liƙa masa farar takarda ta ciki. Dabarar dattijon ce: farin kwale-kwale zai mayar da haske ya bugi haɓar wanda ke cikinsa da ƙarƙashin hannuwansa, kwalin ya yi wannan aikin. Ya kuma ba yarinyar abin da za ta dafa, yatsunta suka lanƙwasa a bakin kwalin yadda za su lanƙwasa a bakin jirgi. Hoto 60 ta ɗauka. A na 41 ƙanin yarinyar ya yi tuntuɓe da sandar auna inuwar, ta fashe da dariya.

Kwale-kwalen ne ya buƙaci lissafi. Tsawonsa santimita 20, ana so ya fito kamar mita 2, wato ninki goma. Domin ƙaramin abu ya yi kama da babba, sai a rage duk ma'aunin da ninki ɗaya: tsayin kyamara ya sauko daga mita 1.2 zuwa santimita 12, nisa daga mita 3 zuwa santimita 30, lensi kuma wanda aka yi sauran da shi. Ta zuba ruwa a baƙin faranti mai faɗi ta ajiye a fili, ta jingina wayar da littattafai har lensin ya kai santimita 12 daga fuskar ruwan. Kwale-kwale na farko ya jiƙe ya baje kafin ta gama saiti. Na biyu iska ta kifar. Na uku ta goga masa kyandir a gindi, ta sa tsakuwa biyu a ciki, ya tsaya. A nisan santimita 30 kyamara ba ta iya kama gaba da baya su fito da kaifi lokaci ɗaya, sai ta ɗauki biyu, ɗaya ta saita kaifin a gefen gaba, ɗaya a tsinin takardar da ke tsakiya, don ta haɗa su daga baya.

## Mako na 10 zuwa na 12: haɗawa

GIMP ba ta buɗe RAW da kanta, don haka ta bi da hotunan ta manhajar darktable, ita ma kyauta ce, ta ba su saitin launi iri ɗaya, ta fitar da su a tsarin ajiya na TIFF mai bit 16. A nan kowane launi yana da matakai 65,536, kuma GIMP tana aiki da wannan zurfin tun fitowar 2.10 a 2018. Sararin saman bai sake yin matakala ba.

Da ta ɗora hotunan uku a kan juna, tun ba ta gama yanka ba, yarinyar ta zauna a cikin jirgin. Ta turo mana wannan ɗanyen kwafin da gefen kwalin yana leƙowa, kuma ya riga ya fi kwafi na bakwai da aka yi wa mako biyar ana gyara. Daidaita launi da ya ci mako guda a baya bai kai minti 20 ba.

Ta raba kwale-kwalen gida biyu: gefen baya da tsinin tsakiya a ƙarƙashin leyar yarinyar, gefen gaba a samanta, sai yatsunta su kaɗai a saman komai. Yankan gashi dare ɗaya ya ɗauka, hannunta ya riga ya saba.

Inuwa iri biyu ta yi. Akwai siririya mai duhu a daidai inda abu ya taɓa abu, ƙarƙashin yatsu da inda takarda ta shiga ruwa, wadda faɗinta bai wuce 'yan fiksel ba. Rashin wannan ne ya sa jirgin farko yake lilo. Akwai kuma inuwar yarinyar da ta faɗa a kan tsinin takardar ta hannun dama, wadda ta kwaikwayo daga yadda ta faɗa a jikin kwalin. Ba ta yi amfani da baƙi ba. Ta ɗebo launin daga inuwar wani dutse a hoton tafkin, shuɗi ne mai duhu, domin wurin da rana ba ta kai ba hasken sararin sama ne ke cika shi. Ta sa leyar a tsarin gaurayawa na ninkawa, wanda ke duhunta abin da ke ƙasa ba tare da shafe zanensa ba.

Hoton jirgin a cikin ruwa ya zo kyauta daga farantin. Da a ce juya jirgin ta yi ƙasa-sama, da kuskure ne, domin abin da ruwa ke nunawa shi ne jirgin kamar an kalle shi daga ƙasa, gindinsa ya fi fitowa, cikinsa ba ya fitowa. Ta rage masa ƙarfi, tun da ruwa ba ya mayar da haske duka: mai kallonsa tsaye daga sama kusan kashi 2 cikin ɗari yake samu, adadin yana ƙaruwa ne yayin da ido ke kwantawa kusa da fuskar ruwan. Sannan ta kakkarya shi ya bi igiyoyin ruwan tafkin. Wannan ya ci dare uku, sau biyu tana rushewa. Kan yarinyar da kafaɗunta, da babu su a farantin, ta juya su da hannu ta ɗora.

Daga ƙarshe ta zuba ɗan tsaki-tsaki iri ɗaya a kan hoton duka, kaɗan yadda sai an matso ake gani, don inuwoyin da ta zana da buroshi kada su fi sauran sulɓi.

## Mako na 13: wanki na biyu

Ta rage hasken kwamfutar har farin fuskarta ya yi daidai da farar takarda da ta riƙe kusa da ita a hasken ɗakin. Ta fitar da hoton a tsarin launi na sRGB, wanda yawancin injinan wankin hoto ke tsammani. Kafin babban, ta yanko fuskar yarinyar da wani yanki na sama aka wanke a ƙaramar takarda mai santimita 15 da 10. Ya ɗan yi duhu, ta ƙara haske kaɗan, ta sake gwadawa, sannan ta ba da cikakken. Kwafi na 11 ne aka rataye.

Yarinyar ta tambaya ko ruwan na da zurfi a wurin.

## Hukunci

A ganina abin da ya kashe kwafi bakwai na farko an yi shi tun kafin a buɗe kwamfuta: hotuna uku masu tsayin kyamara uku da haske uku. Manhaja na iya canja launi, ta ƙara haske, ta gyara baki, amma ba ta iya nuna saman kan da aka ɗauka daga ƙasa, domin bayanan ba sa cikin hoton. Shawarar da na ba ta a mako na huɗu ta daidaita launi ta ɓata mata mako guda, kuma na ba ta ne saboda launi shi ne abin da na iya gani na kira sunansa. Yarinyar ta riga mu gano cewa akwai matsala, dattijon ne kaɗai ya iya aunata da rula.

Ba duk wahalar farko ce ta tafi a banza ba. Labulen leya, yankan gashi da barin JPEG a tsakiyar aiki duk a makonnin nan ta koye su, kuma su suka sa haɗawar ƙarshe ta yi sauri. Abin da ban ga amfaninsa ba ko kaɗan shi ne lulluɓe hoton da launi da hazo, da kuma manhajar da ta cike giɓin. Na farkon ya jinkirta gano ciwon. Na biyun ya taɓa abin da aka yi hoton dominsa.

Hoton da ke bango yana da aibi biyu da na sani. Jirgin ya zauna sama-sama, bai nutse yadda nauyin yarinya zai nutsar da shi ba, tsakuwa biyun ba su isa ba. Kaurin takardar kuma, da aka ninka shi goma, ya sa bakin jirgin ya fi kama da kwali. Dattijon ya nuna mata duka biyun, ta ce ta gani, za ta bar su. Na goyi bayanta, domin gyara na farkon yana buƙatar sake ɗaukar jirgin da sake hotonsa na cikin ruwa, kuma babu ɗayansu da ke fitar da yarinyar daga jirgin. Sake ɗaukar yarinyar kuwa ba zai yiwu ba ko an so, don a makon da aka rataye hoton sabon haƙorin ya riga ya cike rabin giɓin.